Yadda Za Ka Ga Kuromatin da Idonka a Cikin Albasar Aliero

A shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare da ke yankin Jega, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yara suna zana kuromosom a allo ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Su zana shi kamar almakashi a buɗe, su haddace cewa mutum yana da 46, su ci jarrabawa, su wuce. Alhali kuwa abin da zai nuna musu shi yana nan jibge buhu-buhu a kasuwar Aliero. Albasa tana da kuromosom 16, manya ne ƙwarai, domin DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar. Shi ya sa ɗakunan bincike a ko'ina cikin duniya suke koyar da rabuwar ƙwayar halitta da saiwarta. Mu da muke noma ta bai kamata a bar mu a baya ba.

Aikin kashi biyu ne. Na farko, za mu kashe ƙwayoyin saiwa, mu rina su, mu ga kuromatin, wato abin da kuromosom ya ƙunsa, ɓaro-ɓaro. Na biyu, za mu kalli ƙwaya da ranta, mu ɗauki motsinta da waya. Na farkon ya fi kyau a hoto, na biyun ya fi wuya, kuma a kansa masu bincike na yau suka duƙufa.

Me muke nema

Idan aka warware DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta jikin mutum, tsawonsa zai kai kusan mita 2. Na albasa ya haura mita 10. Amma cibiyar ƙwayar mutum, inda zaren nan yake kwance, faɗinta kamar kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Ba cusa shi aka yi ba yadda ake cusa tsumma a buhu. Zaren yana nannaɗe ne a jikin wasu ƙananan dunƙulen furotin da ake kira histon. Histon takwas suke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya, zaren ya zagaye shi kusan sau biyu da tsawon haruffan DNA 147, ya ɗan miƙe, sannan ya sake zagaye wani. Ka ɗauko carbi ka duba, haka abin yake. Kowane ɗan carbi sunansa nukiliyosom, kuma Roger Kornberg ne ya bayyana tsarinsa a 1974. DNA da furotin ɗin da ke riƙe da shi, su ne kuromatin. Kuromosom kuwa shi ne dai wannan kuromatin idan ya ƙudundune tam lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu.

Sunan ma daga rini ya samo asali. Wani Bajamushe, Walther Flemming, ya lura cewa akwai wani abu a cikin cibiya da ke shan rini fiye da komai, sai ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launi. A 1882 ya kira rabuwar ƙwaya da kalmarsu ta zare, saboda zare-zare ya gani. Madubinsa bai fi wanda ke kulle a kabad ɗin makarantarku ba.

Zaɓen albasa da fitar da saiwa

A nan na fara yin kuskure. Shekarar farko na karɓo albasa sabuwa fil daga gonar noman rani, na ɗora a kan ruwa, kwana shida ko gezau. Da na koma kasuwa ina ba wani dattijo mai sayar da ita labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan barci take yi. Ɗauki ta rumbu, wadda ta kwana biyu." Gaskiyarsa. Albasa tana yin wani hutu bayan an cire ta daga gona, sai ta ɗan jima a ajiye take son tsiro. Saboda haka nemi wadda ta daɗe a ajiye, mai tauri, ba ruɓa, matsakaiciya. Ɗauki biyar ko shida, domin ba duka za su ba ka haɗin kai ba.

Ɓare busasshen ɓawon, ka kankare tsofaffin saiwoyin da suka bushe a gindinta da reza. A hankali, kada ka yanke faifan gindin, daga nan sababbin za su fito. Cika kwalba ko kofin gilashi da ruwa mai tsabta, ka ɗora albasar a baki yadda gindin kawai zai taɓa ruwan. Idan bakin ya yi faɗi, soka mata tsinken sakace uku su riƙe ta. Ajiye a inuwa, wuri mai ɗan duhu. Sauya ruwan kullum, musamman a watan Maris da Afrilu da ruwa ke saurin ɗumama ya lalace. Cikin kwana biyu zuwa huɗu za ka ga fararen saiwoyi. Idan sun kai santimita 1 zuwa 2, lokaci ya yi. Kada ka bari su yi tsawo kamar gemu.

Kayan aiki

Madubin likita mai idon ƙasa, wato gilashin da ke dab da abin da ake kallo, mai ninki 10 da mai ninki 40, gilasan shimfiɗa da murafensu, reza sabuwa, allura, hantsaki ƙarami, tishu, ƙaramar kwalbar gwaji, ma'aunin zafi, fulas na ruwan zafi, da man farce marar launi. Sinadarai kuma huɗu ne: etanol, asid ɗin asetik tsantsa, asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin mola 1, da rini. Rinin da ya fi dacewa shi ne aseto-osin. Idan babu, tolidin bulu yana aiki sosai, metilin bulu ma yana rage zafi.

Waɗannan ba a shagon magani ake samunsu ba. Malami ya nemi masu kula da ɗakin gwaji a sashen nazarin halittu na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Gusau ga mutanen Zamfara. Ɗan kaɗan ake buƙata, kuma ya fi kyau su haɗa maka da hannunsu. Idan kai za ka haɗa asid ɗin haidurokulorik, kimanin mililita 8 na asalinsa mai tsananin ƙarfi ake zubawa a cikin ruwa a cike zuwa mililita 100. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Sa safar hannu da tabarau, buɗe tagogi, kuma kada ɗalibi ya taɓa kwalbar asali.

Tsayar da ƙwayoyi da tausasa su

Yanke ƙarshen kowace saiwa, kamar santimita 1, ka jefa nan take cikin haɗin etanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya. Wannan haɗin yana kashe ƙwayoyin farat ɗaya, kowace ta tsaya a halin da aka same ta, mai rabuwa da mai hutawa. Bar su su kwana a ciki. Idan ba washegari za ka yi aikin ba, mayar da su cikin etanol mai ƙarfin kashi 70, ka rufe, za su jira ka. Rubuta ranar da ƙarfe nawa ka yanka a jikin kwalbar. In kana kwatanta albasa da albasa, yanka su duka a sa'a ɗaya.

Washegari ɗauraye su da ruwa, ka sa su a kwalbar gwaji da asid ɗin haidurokulorik kaɗan. Haɗa ruwan fulas da na sanyi a kofi har ma'auni ya nuna digiri 60, ka tsayar da kwalbar a ciki na minti 5 zuwa 8. Asid ɗin yana narkar da ƙaron da ke manne ƙwaya da 'yar'uwarta, don su iya bajewa ɗaya-ɗaya. Idan babu ma'aunin zafi, bar su a zafin ɗaki na minti 15 zuwa 20. Taɓa ɗaya da allura. Idan ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ta yi. Idan ta narke ta zama kunu, ka wuce gona da iri, sai a ɗauko wasu. Ɗauraye sosai, domin ragowar asid tana hana rini kamawa.

Rini da dannawa

Ɗora saiwa ɗaya a kan gilashi. Duba da kyau wane ɓangare ne bakin: shi ne mai tsini, mai farin madara da haske ba ya ratsawa. Yanke milimita 2 daga bakin, ka yar da sauran. Ɗalibai ba sa son yar da shi, gani suke asara ce, amma ƙwayoyin da ke rabuwa suna nan ne dab da baki, bayan 'yar hular da ke kare saiwa. Na baya sun riga sun miƙe sun yi tsawo, kuma kaurinsu zai hana murfi kwanciya.

Ɗiga rini ɗigo ɗaya. Aseto-osin yana son minti 10 ko fiye, tolidin bulu minti 2 sun ishe shi, sai a ɗauraye. Lokacin hunturu rinin yana bushewa kafin ka ankara, ƙura kuma tana sauka, saboda haka kifa wani murfi ko ƙaramin kofi a kai. Bayan nan ɗan farfasa saiwar da allura, ka kwantar da murfin gilashi a karkace don kada iska ta shiga. Ƙwanƙwasa saman murfin a hankali da gindin fensir har ka ga abin ya baje kamar hayaƙi. Ninka tishu, ka ɗora, ka danna da babban yatsa, ƙasa sak, da ƙarfi.

Ƙasa sak na ce. Idan murfin ya goce gefe ko da kaɗan, ƙwayoyin za su mirgine su nannaɗe, kuromosom ɗin su kakkarye. Na ɓata gilasai fiye da yadda zan iya ƙirgawa kafin yatsana ya koyi wannan. Kama gefen murfin da yatsu biyu na ɗaya hannun yayin da kake dannawa. In ka gama, shafa man farce a gefunan huɗu, zai riƙe maka shi na 'yan kwanaki.

Karanta abin da ke ƙarƙashin madubi

Fara da idon 10. Nemi inda ƙwayoyin suke ƙanana, masu kusurwa huɗu, jere kamar tubali, cibiyarsu ta kusa cika su. Sannan ka juya zuwa 40. Idan madubinka mai karɓar hasken rana ne, juya shi ga farin bango ko sararin sama, kada ka taɓa fuskantar da shi ga rana kanta.

Mafi yawan ƙwayoyin za ka same su da cibiya zagayayyiya mai tsaki-tsaki. Kada ka yi saurin wuce su don neman masu ban sha'awa. Wannan shi ne kuromatin a bakin aikinsa, a warware, ana karanta shi. Za ka ga wani fili ɗaya ko biyu a ciki da bai sha rini ba, nan ne ake ƙera injinan haɗa furotin. A 1928 Emil Heitz ya nuna cewa wani sashe na kuromatin yana zama a dunƙule ko da ƙwaya ba ta rabuwa, wani kuma a sake. Daga baya aka gane cewa dunƙulallen galibi shiru yake, sakakken ne ake yawan karantawa.

Sai masu rabuwa. Za ka ga wadda cibiyarta ta zama kamar zaren da aka cukurkuɗa, ta fara shiri ke nan. Za ka ga wadda kuromosom ɗinta suka yi sahu a tsakiya. Za ka ga wadda sahun ya rabu biyu, kowane rukuni ana jan sa zuwa gefe, hannuwansa na biye a baya kamar yatsu. Ranar da wata ɗaliba ta fara cin karo da irin wannan, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wallahi ja ake yi!" Ja ake yi kuwa, wasu siraran igiyoyi masu siffar mazari ne ke jan su, sai dai wannan rinin ba ya nuna su. A ƙarshe za ka ga wadda ta yi cibiya biyu, sabon bango yana fitowa a tsakani.

Yanzu ƙirga. Bi gilashin layi-layi don kada ka maimaita wuri, ka ƙirga ƙwayoyi 1000 daga saiwoyi daban-daban, kana ware masu rabuwa da matakin da kowace take. A ce ka samu 80 cikin 1000, ma'aunin rabuwarka kashi 8 ne cikin ɗari. Akwai wani ilimi a ɓoye cikin ƙidayar nan: matakin da ka fi yawan gani shi ne wanda ƙwaya ta fi daɗewa a cikinsa, wanda ka gani jefi-jefi kuma shi ne mai saurin wucewa. Da haka ake ciro lokaci daga hoton da ba ya motsi.

Wannan ƙidaya tana da amfani a ƙasarmu. Tun 1938 Albert Levan ya yi amfani da saiwar albasa wajen gwada yadda sinadari ke taɓa kuromosom, kuma har yau ana gwada gurɓataccen ruwa da ita. A tsirar da wasu albasa a ruwa mai tsabta, wasu a ruwan da ake zargi, a kwatanta tsawon saiwa, da yawan masu rabuwa, da kuromosom ɗin da suka karye ko suka maƙale a tsakiya kamar gada. Duk wanda ya tuna gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ya san darajar sa ido a kan ruwa da ƙasa. Amma a kiyaye: albasa tana iya nuna cewa akwai matsala, ba ta faɗin wace guba ce, kuma lafiyar saiwa ba shaidar cewa ruwan ya dace a sha ba ce. Wannan hukuncin na ɗakin gwajin sinadarai ne.

Kallon ƙwaya da ranta

Duk abin da muka gani zuwa yanzu gawa ce. Asid ya taɓa ta, yatsa ya danne ta. Ina nanata wa ɗalibai wannan, domin mai bincike da ya manta abin da ya yi wa ƙwaya kafin ya kalle ta zai ɗauki ɓarnar hannunsa a matsayin halitta.

Yanka albasa, ka ɓallo ɓargo ɗaya mai nama. A cikinsa, ɓangaren da ya lotsa, akwai tantani siriri mai kama da leda. Tsaga ɗan murabba'i da reza, kamar rabin santimita, ka ɗago shi da hantsaki, ka shimfiɗa cikin ɗigon ruwa nan da nan. Rufe da murfi, kada ka danna, kada ka sa rini. Da farko ba za ka ga komai ba sai bangaye. Rage ƙofar hasken da ke ƙarƙashin faifan madubin sannu a hankali, sai cibiya ta fito kamar wata a cikin hazo, galibi a jingine da bango. Wannan matsalar ta ganin abu marar launi ita ce Frits Zernike ya warware da wani salon sarrafa haske, har ya samu kyautar Nobel a 1953. In ka samu madubi mai irin wannan ido, yi amfani da shi.

Tsaya a wuri ɗaya, ka yi haƙuri na minti biyu ko uku. A gefen bango da cikin wasu siraran igiyoyi da suka ratsa ƙwayar za ka ga ƙananan ɗigo suna tafiya a jere, kamar tururuwa a hanyarsu. Shaidar rai ke nan. Rawar ɗigo a wuri ɗaya ba shaida ba ce, ko a mataccen abu ana ganinta. Tafiya mai alkibla ake nema. Ƙwayoyin da ke bakin yanka sun ji rauni, matsa zuwa tsakiya.

Don ɗaukar bidiyo, naɗa kwali a idon sama, wato inda kake ɗora ido, ya zama mazaunin waya, ka ɗaure ta da roba, domin hannu ba ya tsayawa. Danna allon ka kulle saitin haske da na gani, in ba haka ba wayar za ta riƙa sauya su da kanta. Sa ta ɗauki hoto kowane daƙiƙa 5 na minti 10. Rage fitila iya yadda za ka iya gani, kuma ka kashe ta tsakanin ɗauka, saboda zafin ƙwan fitila yana dafa ƙwaya. Ɗiga ruwa a gefen murfi idan ya fara janyewa. Ka kuma san girman abin da kake gani: a jikin idon sama akwai lamba bayan ta ninki, sau da yawa 18 ko 20. Raba ta da lambar idon ƙasa. Idan 18 ce a kan 40, faɗin da'irar da kake gani milimita 0.45 ne. Da wannan za ka saita ma'auni a manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, ka auna faɗin cibiya da nisan da ɗigo ya yi.

Daga ƙarshe ɗiga metilin bulu a gefe ɗaya, ka ja shi da tishu ta ɗaya gefen. Cibiya za ta yi shuɗi ta fito sarai, tafiyar ɗigon kuma ta tsaya. Ka samu kyan gani, ka rasa rai. Wannan cinikin shi ne ciwon kan fannin gaba ɗaya.

Yadda manyan ɗakunan bincike suke kauce wa cinikin

Hanyar da ta buɗe ƙofa ita ce wani furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku, wanda ya jawo wa Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien kyautar Nobel a 2008. A 1998 aka liƙa shi a jikin histon, sai ƙwaya ta riƙa ƙera kuromatin mai haske da kanta, ana kallon rabuwarta tana raye. A 2013 aka ɗauki CRISPR, wani makami da ke nemo wuri a DNA ya yanka, aka dakushe almakashinsa, aka maƙala masa wannan ƙyalli, ya je ya zauna a kan wurin da ake so a DNA kamar fitila a ƙofar gida ɗaya cikin gari. Da irin waɗannan dabaru aka ga cewa kowane kuromosom yana da unguwarsa a cikin cibiya, kuma kuromatin ba ya zama shiru, yana ta 'yar kai-komo a ɗan taƙaitaccen wuri.

Akwai darasin da ya yi daidai da namu na albasa. Dabarar Hi-C ta 2009, wadda ke aiki da matattun ƙwayoyi miliyoyi a haɗe, ta nuna wane sashe na DNA ke kusa da wane, daga baya kuma ta nuna zaren yana yin zarge-zarge, wani furotin mai kama da zobe, kohesin, yana riƙe da su. Taswirar ta sa mutane suna ɗaukan zargen a matsayin abu tsayayye. Da wasu masu bincike a MIT suka kalli zarge guda a ƙwayoyin ɓera masu rai, suka wallafa a 2022, sai suka tarar ba ya cika ɗauruwa gaba ɗaya sai a ɗan ƙaramin kaso na lokaci, kuma in ya ɗauru, minti 10 zuwa 30 ne ya kwance.

Su ma haske yana kashe musu ƙwaya, musamman mai ƙarfi da ake haska rini irin Hoechst da shi. Dokokinsu su ne naka: haske kaɗan, ɗauka a taƙaice, ƙwayoyin kwatanci da ba a taɓa ba, da rubuta komai. Madubin haske na yau da kullum kuma, naka da nasu, ba ya raba abubuwa biyu da suka fi nanomita 200 kusanci (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), iyakar da Ernst Abbe ya lissafa a 1873. Ɗan carbinmu kuwa kusan nanomita 10 ne. Saboda haka idan ɗalibi ya ce ya ga nukiliyosom a gilashinsa, ƙura ce ko ɗanyen rini, a tace rinin a sake.

Buɗe littafi guda na musamman don wannan aiki. Kowane gilashi ya samu lamba, da ranar yanka, da irin ruwan, da mintin asid, da irin rini, da lambar ido, da sunan fayil ɗin hoton a waya. Ajiye hoton asali yadda yake kafin ka taɓa haskensa, kuma kada ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya zubar da ƙananan bayanai. Tura shi a matsayin fayil.